Ƙuntatar Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa da Makomar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki



Ni ba likita ba ne, harshe na karanta, saboda haka daga kalma zan fara. In Bahaushe ya ce "shanyewar ɓarin jiki", abin da ido ya gani ya faɗa: hannu ya saki, ƙafa ta ƙi ɗauka, baki ya karkace. Sunan bai ce kome ba game da sanadi. Haka kuma kalmar "jijiya": da wadda jini ke bi, da wadda ke kai saƙon motsi, da agarar da mahauci ke yarwa, duk suna ɗaya muka ba su. Wadda nake nufi a wannan lacca ita ce mai kai jini ƙwaƙwalwa. In ta ƙuntace, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa sai ya mutu, ɓarin jikin da wannan sashe ke sarrafawa kuma ya shanye.

To, a ƙaddara an ɗauko mutum biyu daga Yalwan Damai an kawo su asibitin tarayya na Birnin Kudu, ɗaya dattijo ɗan shekara 60, ɗaya yaro ɗan shekara 7. 'Yan rakiya za su ce cuta ɗaya ce. A hoto ma watakila jijiya iri ɗaya ce ta tsuke musu. Amma abin da ya tsuke ta daban, shi ne kuwa yake yanke maganin da za a yi, da kuma ko ciwon zai komo.

Na dattijon, galibi, kitse ne ya daskare a bangon jijiyar shekara da shekaru, da taimakon hawan jini, ciwon suga ko taba. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa cikin sanadan wannan ciwo a ƙasashenmu. Mai hankali zai ce, tun da hanya ce ta tsuke, a buɗe ta mana. An gwada. A Amurka, a wani bincike da aka buga a 2011, aka raba majinyata 451 gida biyu: wasu aka zura musu ɗan bututun waya ya tokare jijiyar, wasu aka bar su da ƙwayoyin hana jini gudaji, da na rage kitse, da na hawan jini. Cikin kwana 30, kusan 15 bisa ɗari na masu bututu suka sake kamuwa ko suka rasu. Masu ƙwaya kuwa kusan 6 ne. Ashe daskararren kitse in an taɓa shi yakan marmashe, ya toshe ƙananan rassan da ke gefe. Watau lafiyar dattijon nan ta fi rataya ga shan magani kullum da awon jini, abin da mutanenmu suka fi saurin gajiya da shi da zarar sun ji sauƙi.

Yaron fa? Jijiyarsa ba kitse a cikinta. In mai amosanin jini ne, watau sikila, ƙwayoyin jininsa masu lanƙwasar lauje ne suke ƙuje bangon jijiyar, bangon ya yi ta kauri ta ciki. Ga kuma ƙarancin jini, wanda ke sa jinin ya riƙa gudu fiye da kima. An ƙiyasta cewa in ba rigakafi, kimanin 11 bisa ɗari na masu wannan cuta sukan shanye kafin su cika shekara 20, kuma wanda ya kamu aka bar shi haka, mafi yawa yakan sake. Wani lokaci babbar jijiyar takan toshe sarai, ƙananan rassa su tsiro barkatai a madadinta. Likitocin Japan suka raɗa wa wannan siffa suna "moyamoya" a 1969, don ta yi musu kama da tashin hayaƙi. Yaron da ya kai nan, hatsarin komowar ciwonsa ya ƙaru.

Maganin dattijo ba zai wadatar da yaron ba. Nasa, jinin za a gyara. A 1998 binciken Robert Adams ya nuna cewa in aka auna gudun jini a kan yaro da na'urar Dofla, aka ga ya kai santimita 200 a daƙiƙa, ƙarin jini wata-wata yakan rage hatsarin da kimanin kashi 90 bisa ɗari. Sai dai wane manomi ne a Gwaram zai iya nemo jini kowane wata, shekara da shekaru? A nan aikin likitocinmu ya burge ni. Masu bincike a Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun bi yara 220 masu irin wannan gudun jini, suna ba su ƙwayar haidiroksiyuriya ta baki, suka buga sakamakon a 2022: 'yan kaɗan ne suka shanye, ko da cikin waɗanda aka ba ƙaramin awo.

Awon Doflan nan ba allura, ba yanka. A gefen goshi ake ɗora na'urar. Likitoci sun ce a riƙa yi wa kowane yaro mai sikila shi sau ɗaya a shekara, tun daga shekara 2 har zuwa 16, tun yana gudu da ƙafafunsa.