Fasa, fashi da fasa-ƙwauri: Kalmar da ke ɗauke da labarin iyakar Maraɗi

Matashin Cadawa da ke ci-rani a Abijan ko Tamanrasat zai iya buɗe wayarsa ya tarar da saƙo daga gida mai kalmomi uku kacal: "An fasa kasuwa." Nan take gabansa zai faɗi, domin saƙon yana da fuska biyu. Ko dai an janye cin kasuwar ne zuwa wani mako, ko kuma wasu sun auka mata jama'a sun watse. A baki ba a ruɗewa, saboda "fasa" ta janyewa ana jan wasalinta na farko, ta farfashewa kuma ana taƙaita shi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci, sai a ƙamus irin na Bargery da aka buga a 1934, wanda ya yi wa kalmomi alamar tsawon wasali da karin sauti.

A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, inda kasuwa da iyaka da tsaro suka sarƙe da juna, ma'anonin wannan kalma sun shafi abincin mutane da kwanciyar hankalinsu.

Abin da ake fasawa da abin da ake karyawa

Bahaushe ba ya haɗa kowace ɓarna a kalma ɗaya. Sanda da ƙashi karya su ake yi, igiya a tsinka ta, riga a yaga ta, katanga a rushe ta. Fasawa ta tukunya ce da tulu da ƙwarya da ƙwai da madubi, wato abin da in ya buɗe, na cikinsa zai zube ko shi kansa ya tarwatse. Daga nan sauran ma'anonin suka tsiro. Wanda ya tona asiri ya fasa ƙwai. Wanda aka cika yabonsa har ya soma girman kai, an fasa masa kai. Mai tsoro yana fasa ihu, kamar muryar tana rufe ne a ciki.

Idan wasalin ƙarshe ya koma "e" ko "i", sai "s" ta rikiɗe ta zama "sh", kamar yadda "gasa" ke komawa "gashi". Ta haka aka samu "fashe": taya ta fashe, bam ya fashe, yarinya ta fashe da dariya, uwa ta fashe da kuka. Ta haka kuma aka samu "fashi", wanda shi ma yake da tagwaye. Dattijon da ba ya fashin sallar asuba a masallaci, fashinsa daga "fasa" mai dogon wasali yake. Ɗan fashin da ke tare hanya kuwa daga ɗaya tushen ya fito.

Turawa ma sun bi hanya ɗaya

Wani abin lura shi ne yadda harsunan da matasan yankin ke cin karo da su suka ɗauki fasawa suka kai ta ga sata. A Turancin Ingilishi akwai "smash", kalmar da ta yaɗu tun ƙarni na 18, kuma masana na ganin kwaikwayon ƙarar fashewa ce. Yau ana amfani da ita ga bugun ƙwallo mai ƙarfi a wasan tanis, da waƙar da ta karɓu ƙwarai, da kuma satar da ɓarawo ke fasa gilashin kanti ya wawuri kaya ya gudu. A Faransanci, wanda yaran Nijar ke koyo a lakwal, "casser" ta samo asali daga Latin. Daga gare ta ake kiran wurin da ake wargaza tsofaffin motoci "la casse", fasa banki ko kanti kuma "un casse".

Ƙwaurin da iyaka ta fasa

Babu inda kalmar ta fi nauyi a Maraɗi kamar a "fasa-ƙwauri". Da ƙashin ake nufi, da "karya" za a ce. Hoton da ke cikin kalmar na mutumin da ya bar hanya ne ya ratsa daji da dare, kututture da ƙaya suna tsaga masa fatar ƙafa, don kada ya haɗu da masu karɓar haraji.

Mutanen da ke ɓangarorin biyu dangi ne. Gidan sarautar Katsina ne ya kafa Maraɗi bayan jihadin farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Yarjeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata layin da ya raba su, sai fataucin da kakanni suka saba ya koma laifi idan bai bi ta ofishin duwan ba. Sunayen ma sun ƙaru: ga "sumoga" da aka aro daga Ingilishi, ga "'yan ruwa-ruwa" masu sayar da man fetur na Najeriya a kwalabe a bakin titi.

Duk lokacin da gwamnatoci suka taɓa iyakar, kalmar sai ta dawo bakin jama'a. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019 don hana shigar da shinkafa da fitar da mai, ba ta soma buɗewa ba sai Disambar 2020. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, abin da ya rage ribar 'yan ruwa-ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin Cedeao ya sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024. Manomin aya a Cadawa da dillalin dabbobi a Gazawa, waɗanda masu sayensu da yawa daga Najeriya suke zuwa, su ne suka fara jin raɗaɗin. Abin da jami'i ke kira fasa-ƙwauri, mai babur ɗin da ya ɗauko buhu biyu yana kiransa neman abinci.

Garin da ya fashe

Ma'anar da ta fi ɗaci ita ce ta "gari ya fashe", wato mazaunansa sun watse sun bar gidaje. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, da yawansu suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe wasu zuwa wurare masu nisa da iyaka, irin su Garin Kaka da Cadakori. Ƙauyukan Nijar na bakin iyakar su ma ba su tsira daga satar shanu da garkuwa da mutane ba. Tsohon ɗan fashi yakan tare hanya ya ƙwace kaya ya tafi, na yanzu kuwa yana shiga har cikin gida ya tafi da mai gidan.

Duk da haka, tushen da ya ba da "fashi da makami" shi ya ba da "fashin baƙi". A makarantar allo da zaure, baƙi shi ne rubutun tawada, malami kuma yana fasa shi ne idan ya buɗe wa ɗalibi ma'anar da ke ciki. Daga can 'yan jarida suka ɗauko shi suka ba sharhin labarai. Mutane da yawa na zaton "fassara" ma 'yar gidan ce, alhali ita daga Larabci take, dangin "tafsiri".

Shi kuwa ɗan ci-ranin da ya karanta "An fasa kasuwa", ba zai samu natsuwa ba sai ya kira gida, ko ƙanensa ya turo masa saƙon murya a WhatsApp, ya ji da kunnensa ko an ja wasalin ko ba a ja ba.