Gangar Mai Ta Yi Tsada, Baitulmali Babu Kuɗi

Daga tsakiyar 2014 zuwa Janairun 2016 farashin gangar ɗanyen mai ya rikito daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30, kuma a 2016 ɗin tattalin arzikin Najeriya ya ja da baya. Ba abin mamaki ba ne. A lokacin mai bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa ba, amma kusan kashi 90 na kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa ta hanyarsa suke shigowa. Da farashinsa ya faɗi sai dala ta yi wuya, naira ta karye, ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya ga kuɗin dilar atamfa ya tashi.

Sai dai a ganina ba ranar faɗuwar farashi ake yin ɓarnar ba, tun lokacin wadata ake yinta. A shekarun 1970 kuɗin mai ya sa naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka fi na gida araha, noma ya koma sana'ar wanda ya rasa abin yi. Fari da cutar gyaɗa suka ƙarasa dalar gyaɗar Kano. Masaƙun Kaduna sun ɗan jure, daga baya rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri suka rufe su.

An taɓa gwada tanadi. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar kuɗin mai, wanda ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, shi ne ma ya rage raɗaɗin rikicin kuɗi na duniya a 2009. Amma asusun ba shi da gindin zama a tsarin mulki. Gwamnoni suka ce duk abin da ya shigo na rabo ne, aka yi ta ɗiba har a shekarun da mai ke tsada, lokacin da ya kamata a riƙa zuba wa rumbun. Ƙasar Chile, wadda jan ƙarfe ya zame mata abin da mai yake a gare mu, ta ɗaure wa kanta hannu tun 2001: a tsara kasafi bisa farashin dogon zango da masana masu zaman kansu suka ƙiyasta, rarar a ajiye.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne 2022. Yaƙin Ukraine ya kai ganga sama da dala 100, Saudiyya ta yi rarar kasafi, Najeriya kuwa ta ƙara cin bashi. Satar mai da fasa bututu sun sa abin da ake haƙowa ya sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni, ga tallafin fetur da ya lashe sama da naira tiriliyan 4, saboda tataccen man daga waje ake sayo shi da tsadar duniya.

Cire tallafin a Mayun 2023 da sakin naira a wata na gaba sun toshe ɓarakar tallafin, rabon da jihohi ke karɓa ya ƙaru sosai. Talaka ne ya biya: dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Matatar Ɗangote ta rage sayo fetur daga waje, amma kasafin tarayya har yanzu a kan hasashen farashin ganga ake gina shi.