Littafi da Sana'ar Hannu: Abin da Takarda Za Ta Iya Koya Mana

Roƙon da ya fi yawa cikin saƙonnin da ikkilisiyoyin ƙauye ke aiko mana shi ne a turo mai koyarwa: wanda zai koya wa Zumuntar Mata yin sabulu, wanda zai nuna wa matasa kiwon kaji, ko mai koya ɗinki da saƙa. Roƙo ne mai kyau. Amma mai koyarwa baƙo ne, kwana uku zai yi ya koma. Bayan wata uku, in ka tambayi mata goma da suka zauna aji ɗaya yawan sodar da ake sa wa mai, amsa goma za ka ji. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Kan mutum ne ba ya riƙe lissafi kamar yadda takarda ke riƙewa. Yawancinmu mun iya karatun Hausa, domin muna karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi kowace Lahadi. Wannan karatun da muke da shi a hannu ya isa ya buɗe mana littafin koyon sana'a.

Littafi yana riƙe ma'auni

Bari mu ɗauki sabulu, tun da shi aka fi tambaya. Sabulun wanki mai ne da soda da ruwa. Wanda ya tsaya yana kallo zai ce ai ba wuya. Abin da ido ba ya gani shi ne, kowane irin mai yana da yawan sodar da yake ci. Kilo 1 na man gyaɗa yana bukatar soda kamar giram 135. Man kaɗanya bai kai haka ba, kamar giram 128 ne. Man alayyadi kuwa ya haura giram 150. To, a ce mai koyarwa ya yi aiki da alayyadi, ke kuma kin koma gida kin sa man gyaɗa domin shi ne a kusa, kika zuba soda da gwangwanin da kika ga ya zuba. Sodar ta yi yawa, sabulun zai ci hannun mai wanki, ba kuwa za ta sake saya a wurinki ba. In sodar ta kasa, sabulun ba zai daskare ba, jarin ya tafi ke nan.

Littafi mai kyau zai ba ki jerin mayuka da ma'aunin kowane. Zai gaya miki a auna da sikeli, domin gwangwani wani ya fi wani. Zai kuma faɗi abin da kan kuɓuce wa mai koyarwa in lokaci ya ƙure: soda ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, domin takan yi zafi ta fantsama. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, tana cin ta. A sa safar hannu, a kare ido, a nisanta yara. In an yanka sabulun, a bar shi ya sha iska sati 4 zuwa 6 kafin a kai kasuwa. Waɗannan duka ba su cika shafi biyu ba, amma shafi biyun suna nan ko da dare kika so dubawa.

Haka yake a abin da ya fi sabulu nauyi. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo ma'auni ne: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya yi yawa yana cutar da yaron. Mun sha ji ana juya lissafin a baki, a ba gishiri adadin sukari. In akwai na ƙunshi wanda ake samu a asibiti, shi ya fi. In babu, a duba takarda, kada a dogara ga "na ji an ce".

Littafi yana faɗin dalili

Manoman wake da yawa sun san buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa buhunan sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Wanda ya gani kawai ya san a zuba wake a ɗaure. Wanda ya karanta bayanin ya san cewa ƙwaron wake yana shaƙar iska kamar mu. In aka rufe buhun ruf, ƙwarin suna cinye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa magani ko kaɗan ba.

Mutumin da ya san wannan dalili ba sai an tsaya a kansa ba. Shi da kansa zai duba ledar ko ta huje kafin ya zuba. Zai shanya waken ya bushe sarai. Zai matse iska, ya ɗaure kowane riɓi dabam. Zai ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, kuma ba zai riƙa buɗewa kowane sati yana ɗibar na miya ba. Wanda bai san dalili ba, shi ne ke yin amfani da leda mai rami, waken ya lalace, ya ce buhun ƙarya ne, ya koma zuba wa abincin iyalinsa maganin ƙwari. A ganina nan ne littafi ya fi amfani ƙwarai. Kwaikwayo yakan tsaya a inda malami ya tsaya. Sanin dalili kuwa shi ke taimakon mutum ranar da abu ya zo masa ba yadda aka nuna ba.

Inda takarda ba ta kaiwa

Kada wani ya ɗauka cewa ya sayi littafi ya zama gwani. Littafi zai ce a yi ta juya sabulu har ya yi kauri kamar kunu. Wane kunu? Na gidanku ko na gidanmu? Sai an tsaya kusa da wadda ta iya, an ga yadda muciya ke barin sawu a kai. Littafi zai zana yadda ake auren mangwaro, amma riƙon wuƙa da tsaftar yanka sai hannu ya saba, kuma na farko da yawa ba za su kama ba. Mai koyon jita domin ƙungiyar mawaƙa zai ga inda ake sa yatsu a zane, amma kunne ne zai gaya masa tsirkiya ta saki. Keken ɗinki ma haka. A saƙa kuwa takarda ta fi taimako, domin aikin ƙirga ne.

Don haka shawararmu a kullum ita ce a gwada kaɗan tukuna. Rabin kilo na mai, kaji biyar, kunya biyu ta gona. In ya ɓaci, asarar ba ta taɓa abincin gida ba.

A duba shekara, a duba ƙasa

Kafin ku amince da littafi, ku buɗe bayan shafin farko ku ga shekarar da aka buga shi da garin da aka buga shi. Mutane kaɗan ne ke yin haka, alhali ya fi kyawun bango muhimmanci.

Akwai sanannen littafin lafiya na David Werner mai suna Where There Is No Doctor, wato inda babu likita. An fara buga shi da harshen Sifaniyanci domin ƙauyukan Meziko a 1973, na Turanci ya fito a 1977, an kuma fassara shi cikin harsuna fiye da 80. Ya taimaki ma'aikatan lafiya na ƙauye ba iyaka, kuma tsofaffin bugunsa suna nan a ɗakunan shan magani da gidajen fastoci. Sai dai ilimin magani ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin magungunan da ake kira ACT. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa ba yaro mai zawo ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Bugun da ya girmi waɗannan shekaru ba zai faɗi haka ba. Bayaninsa a kan tsafta da alamun haɗari yana nan da amfaninsa, amma sunan magani da yawan da za a sha, a tambayi ma'aikacin lafiya.

Batun ƙasa kuma, littafin noma da aka rubuta domin Ibadan zai ce a shuka masara a watan Maris ko Afrilu. Mu a nan Afrilu tsakiyar bazara ce, zafi ya haura 40 a ma'auni, ruwa kuwa sai wajen Yuni, ya ɗauke a Satumba ko farkon Oktoba. Littafin bai yi ƙarya ba, ba da mu yake magana ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga wannan da idonsu. Shekara da shekaru ana bin tsarin da aka saba, a raini itatuwa a leda a dasa, yawancinsu kuwa su mutu saboda fari da awaki. A 1983 wani ma'aikacin gona na mishan ɗin SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara tofon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, itace zai tashi da sauri. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani. Daga gona zuwa gona ya bazu, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Sai daga baya aka rubuta shi cikin littattafan koyarwa, kuma ta hanyar littattafan da horo ya kai wasu ƙasashe. Gona ce ta fara koya wa takarda, takarda ta ɗauka ta kai nesa.

Ina za a samu, yaya za a karanta

Littafin koyon aiki da Hausa ba sabon abu ba ne. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA kuma daga 1954 zuwa 1959 ta buga ƙananan littattafai masu yawa domin waɗanda suka fito ajin Yaƙi da Jahilci, a kan lafiya da noma da sauran al'amuran yau da kullum. Kafin nan ma, a nan Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shirya 'Yan Taru: jaji takan zo ta koyi abin da aka rubuta, ta koma ƙauye ta koya wa matan da ba su iya karatu ba. Wannan tsari ya dace da mu. Ba dole kowa ya iya karatu ba, mutum ɗaya ya isa.

Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana fitar da ƙananan takardun bayani a kan noma da kiwo, wasu da Hausa. Ku tambayi malamin gona na yankinku. Ƙungiyar Tearfund ta Ingila ta fara mujallar Footsteps a 1989 domin masu aikin raya karkara, tsofaffin fitowarta suna intanet da Turanci mai sauƙi. Matashin da ke da babbar waya yana iya sauko da irin waɗannan, a kai shago a buga a takarda. Bidiyon waya yana da kyau wajen nuna motsin hannu, amma yana cin data da caji, kuma sau da yawa mai yin sa ba ya faɗin ma'auni, ba kuwa wanda ya duba masa aikinsa. Ku kalla domin hannu, ku duba takarda domin lissafi.

Ga yadda wasu ƙungiyoyi ke yi, muna kuma ganin yana tafiya. Bayan taron Zumunta, mutum ɗaya ya karanta shafi ɗaya kawai da ƙarfi. In da Turanci ne, wani ya juya da Hausa. Sai a tambayi tsofaffi ko abin ya yi daidai da abin da suka sani. A nan ake samun gardama mai amfani. Littafin kiwo zai ce a yi wa kaji rigakafin annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle kafin hunturu. Wata tsohuwa za ta ce lalle da sanyi suke mutuwa, wani ya tambaya ina za a sami maganin, har a kai ga aika mutum wurin likitan dabbobi ya tambayi rigakafin da cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi, a kuma haɗa kuɗi, tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya.

Ku ajiye littattafan a akwatin ƙarfe saboda gara da ɓera da yoyon damina, a rubuta sunan duk wanda ya ara. Littafin da aka kulle a ofishin fasto don kada ya yi datti bai yi wa kowa aiki ba, gara ya tsufa a hannun mutane. A cikin akwatin kuma ku sa littafin rubutu guda, na ƙungiya. Duk gwajin da kuka yi, ku rubuta rana, da abin da kuka auna, da yadda ya fito. In akwai dattijo a garinku da ya iya jima da bagaruwa, ko rina fata da karan dafi, ko ajiye albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba, ku zauna da shi da sikeli da biro, ku auna abin da shi yake ɗiba da tafin hannu, ku rubuta da sunansa a kai. In kun cika 'yan shafuka, ku aiko mana kofi zuwa Gidan Igwai, za mu buga a raba wa sauran ikkilisiyoyi.