Kuskuren Akawu Da Ke Tsare Fanshon Tsohon Soja

Kafin yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojojin Nijeriya ba su wuce dubu goma da ɗoriya ba. Lokacin da aka ajiye makamai a Janairun 1970 sun doshi dubu 250. An ɗebi samari cikin gaggawa, har da 'yan ƙasar Dutse, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a wancan zamani duk Kanawa ne a takarda, tunda sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Yawancinsu ba su da takardar haihuwa. Akawu zai dubi fuskar yaro ya yanka masa shekaru, ya rubuta sunansa yadda kunnensa ya jiyo, sau da yawa kuma ya liƙa masa sunan garinsu a gurbin sunan uba.

Wannan aikin gaggawa shi ne yake cizon tsofaffi yau. A ce fayil ɗin soja ya san mutum da Garba Jahun, banki ya buɗe masa asusu da Abubakar Muhammad, katin ɗan ƙasa kuma yana ɗauke da Habu Mamman. Daga mai unguwa har limamin gari kowa ya san mutum ɗaya ne, domin Garba da Habu duk Abubakar ne a wurin Bahaushe. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Tun da aka shigo da lambar banki ta BVN a 2014, aka bi ta da tilascin lambar ɗan ƙasa ta NIN, saɓanin suna ko na ranar haihuwa ya isa ya sa a dakatar da kuɗin mutum a lokacin tantancewa.

Abin da da yawa ke yi shi ne su garzaya babbar kotu a Dutse su yi takardar rantsuwa, su buga sauyin suna a jarida, su koma gida suna ganin an gama. Rantsuwar tana da amfani, amma hujja ce kawai da ake haɗawa da takardar koke. Ba ta goge abin da ke cikin fayil. Bayanan ƙananan sojojin ƙasa suna ofishin ajiyar bayanan rundunar da ke Lakwaja, a Jihar Kogi, kuma hukumomin soja ne kaɗai ke da ikon gyara su. Ita kuwa Hukumar Fanshon Sojoji, wadda hedikwatarta ke Dutsen Alhaji a Abuja, ba Dutsenmu na Jigawa ba, biya take yi bisa bayanin aikin da runduna ta tabbatar. Haka nan fanshon soja ba ya hannun kamfanonin fansho irin na ma'aikatan farar hula, domin gyaran doka na 2011 ya cire sojoji daga tsarin adashen gata. Wanda ya kai kokensa can ya ɓata kuɗin mota ne kawai.

Mai neman gyara ya fara da tattara abin da ke hannunsa: takardar sallama, lambar soja, sunan bataliyar da ya yi aiki ta ƙarshe, ranar shiga da ranar fita, katin ɗan fansho idan yana da shi. Ranakun nan biyu su ya fi kamata a ƙura wa ido, saboda tsawon shekarun aiki ne ke raba mai garatuti kaɗai da mai fanshon wata-wata. Kafin ya taɓa NIN ko BVN, ya fara tuntuɓar reshen ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion a jiha, don kada garin gyaran gira a rasa ido, sunaye uku su zama huɗu.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, wato dalilin barin aiki da aka rubuta. Wanda aka yi wa ritaya, ko aka sallama saboda rauni ko rashin lafiya, daban yake da wanda aka kora ko aka rubuta cewa ya tsere daga bakin aiki. Kora kan tafi da haƙƙoƙin mutum. Amma an sha sauya ta. A Mayun 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara zuwa ritaya, abin da ya buɗe musu ƙofar neman fansho. A 2015 kuma rundunar sojan ƙasa ta sake duba shari'un waɗanda aka kora a yaƙi da Boko Haram, ta mayar da fiye da dubu uku bakin aiki. Duka biyun daga sama suka fito, da sa hannun masu iko. Dokar Sojoji ta tanadi hanyar kai koke a rubuce ta hannun shugabanni, kuma sai an bi ta an ƙure kafin lauya ya nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.

A nan 'yan damfara ke samun kasuwa. Wani zai bugo waya ya ce daga Abuja yake, ya ambaci muƙamin tsoho daidai, ya ce akwai bashin ariyas da ya maƙale, a turo kuɗin fito da fayil ko lambar sirrin katin banki. Wani kuma zai yi tayin kankare “kora” a rubuta “ritaya” a kan takarda. Ainihin fayil na nan yadda yake, ranar da aka gwada su biyun sai koke ya rikiɗe ya zama tuhumar jabu.

Sai batun magaji. Kurtun da ya cike fom yana ɗan shekara ashirin, sunan mahaifinsa ko yayansa ya sa. Shekaru hamsin sun shuɗe, su sun rasu, shi ya tara mata da 'ya'ya, fom bai canja ba. Idan ta Allah ta kasance, gwauruwa da marayu ne za su yi ta zarya da takardar mutuwa da takardun kotu, alhali mai bayanin da zai warware komai ba ya nan. Gyaran ya fi sauƙi tun tsoho na iya zuwa da ƙafarsa ya dangwala yatsa.

Takardar sallamar kanta ma a kula da ita. Ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa a Jigawa, gara kuma ba ta raga wa abin da ke ƙasan adaka. A yi mata hoto a waya, a buga kwafi a ajiye wurin ɗa ko 'ya mai amana, ainihin kuwa a nuna wa jami'i a gaban ido a karɓo abinsa. Wanda tasa ta riga ta ɓata ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya haɗa da rantsuwar kotu, sannan ya rubuta wa runduna da lambarsa ta soja yana neman a tabbatar masa da bayanan aikinsa.