Yadda Kwamfuta Ke Gane Jiya da Yau

Mai karatu, ka taɓa ganin "minti biyar da suka wuce" a ƙarƙashin saƙon intanet? Kwamfuta daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu, 1970. Sai ta ɗebe lokacin aikawa daga na yanzu, ta mayar da ragowar kalmomi.

To, a nan gizo ke saƙar. Agogon Nijeriya ya riga na GMT da awa ɗaya. Idan mai tsara manhaja ya manta wannan, saƙon da aka aiko daga Ƙofar Ran ta Bauchi da ƙarfe 12:30 na dare, da safe "jiya" zai nuna maimakon "yau".

Sannan Turanci ba shi da kalma guda ta shekaranjiya, jibi, gata ko citta. Don haka fassara kaɗai ba ta wadatar ba, sai masana Hausa sun sa hannu.