Yadda wani ɗan ƙarfe ya raba kasuwar bindigar AR-15 gida biyu a Amurka

A farkon shekarun 1990 kamfanin ƙera makamai na Colt da ke jihar Connecticut a Amurka ya fara kafa wani ɗan dunƙulen ƙarfe a cikin bindigogin AR-15 da yake sayar wa fararen hula. Ƙarfen ba shi da wani girma, kuma ba a ganin sa sai an buɗe bindigar, amma har yau yana cikin abubuwan da ke yanke farashin bindigar da irin kayan gyaran da za su shiga cikinta.

Asalin bindigar

Injiniya Eugene Stoner da abokan aikinsa na kamfanin ArmaLite ne suka ƙirƙiro AR-15 a ƙarshen shekarun 1950. A 1959 aka sayar wa Colt haƙƙin ƙirar, daga nan sojojin Amurka suka karɓe ta da sunan M16. A 1964 Colt ya fitar da samfurin fararen hula, wanda aka fi sani da SP1.

Bambancin samfuran biyu yana wajen harbi. Ta sojoji tana iya ci gaba da fitar da harsasai muddin yatsa na kan kunama, ta fararen hula kuwa harsashi ɗaya take fitarwa a kowane ja. Daga cikin abubuwan da ke ba ta sojoji wannan damar akwai wani ƙaramin maƙali da ke zaune a bayan kunama, a cikin akwatin ƙasa na bindigar. Wannan akwati shi ne ke ɗauke da lambar rajista, kuma shi dokar Amurka take ɗauka a matsayin bindigar kanta.

Dalilin toshe gurbin

Tun 1934 dokar tarayya ta wajabta rajistar bindigogi masu sarrafa kansu, tare da harajin Dala 200 a duk lokacin da za su sauya hannu. A 1981 hukumar ATF mai kula da makamai ta yanke cewa wani maƙali da ake ƙerawa domin mayar da AR-15 mai sarrafa kanta, shi kaɗai ma bindiga ce mai sarrafa kanta a idon doka. Sannan daga ranar 19 ga Mayun 1986 aka haramta wa fararen hula mallakar sababbin bindigogi irin waɗannan.

Matsin lamba ya ƙaru bayan harin da wani mutum ya kai wata makarantar firamare a garin Stockton na jihar Kalifoniya a watan Janairun 1989, inda ya kashe yara biyar. Duk da cewa maharin ya yi amfani ne da bindiga ƙirar AK, a watan Maris na shekarar Colt ya dakatar da sayar wa fararen hula AR-15. Da ya dawo kasuwa, sai ya dawo da sauye-sauye: ya kafa dunƙulen ƙarfe ya cike gurbin da maƙalin zai zauna, ya kuma ƙara kaurin ƙusoshin da ke riƙe kunama da guduma daga inci 0.154 zuwa 0.170, domin kada kayan sojoji su shiga. Babu dokar da ta tilasta masa hakan. Kamfanin ya yi ne domin kare kansa daga zargi da ƙararraki. Daga baya ya daina kafa dunƙulen, sai dai ya riƙa barin alminiyam ɗin wurin ba tare da an sassaƙe shi ba.

Tasiri a kan kayan gyara

Kafin wannan lokaci wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya riga ya ƙare, kamfanoni da dama sun shiga ƙera AR-15 da kayanta bisa ma'aunin sojoji. Wannan daidaiton ma'auni shi ne ƙarfin kasuwar, domin mutum na iya sayen kunama daga wani kamfani, bututu daga wani, kuma su haɗu lafiya.

Bindigogin Colt na wancan zamani sun fita daga wannan tsari. Kunamar da aka ƙera wa ƙaramar ƙusa ba ta zama daidai a babban rami. Wasu kunamomin gasar harbi, waɗanda doka ta halatta kuma suke zuwa a haɗe cikin gida ɗaya, ba sa samun wuri saboda dunƙulen ya cinye filin. Ga kuma tsohuwar matsalar SP1, wadda ƙusar gabanta mai haɗa akwatin sama da na ƙasa take da kaurin inci 0.315 maimakon 0.250 da aka saba. Duk wanda ya taɓa neman kayan gyaran motar da ba ta da yawa a gari ya san halin da masu irin wannan bindiga suke shiga: kayan suna ƙaranci, kuma suna tsada.

Masu so da masu gudu

Masu sayen bindiga domin gasa ko farauta, waɗanda ke son sauya kaya yadda suka ga dama, sukan guje wa akwatin da ke da dunƙulen ko manyan ramuka, kuma sukan taya shi ƙasa. Masu tara tsofaffin makamai kuwa suna kallon dunƙulen a matsayin shaidar zamanin da aka ƙera bindigar. A wurinsu wadda aka bari yadda ta fito daga masana'anta ta fi daraja, wadda aka taɓa cikinta kuma darajarta ta faɗi.

Doka ta ƙara wa lamarin wani salo. A ranar 13 ga Satumban 1994 dokar tarayya ta hana ƙera wasu nau'o'in bindigogi domin fararen hula, ta kuma ambaci Colt AR-15 da suna, amma ta ƙyale waɗanda aka ƙera kafin ranar. Dokar ta ƙare a 2004, sai dai wasu jihohi kamar Massachusetts sun ci gaba da aiki da irin tasu na tsawon shekaru. A irin waɗannan jihohi, akwatin da aka ƙera kafin Satumban 1994 ya yi tsada ƙwarai, ko da kuwa yana ɗauke da dunƙulen da masu saye a wasu wurare ke ƙi.

Zuwa ƙarshen shekarun 2000 Colt ya koma amfani da ƙusoshi na ma'aunin da sauran kamfanoni ke bi. A 2021 kamfanin CZG na Jamhuriyar Czech ya saye shi. Bindigogin da aka ƙera a tsakanin waɗannan shekaru suna nan a hannun jama'a, kuma mai saye a kasuwar tsofaffin makamai ta Amurka yakan fara da tambayar kaurin ƙusa da abin da ke bayan kunama kafin a shiga maganar kuɗi.