Dillalin littafi: yadda marubucin labarin tarihi ke kai hajarsa kasuwar duniya

Duk wanda ya taɓa kai sa ko raƙumi kara ya san aikin dillali. Shi ya san masu saye, shi ya san farashin ranar, shi ke tsayawa tsakani har "albarka" ta koma "na sallama", sannan ya karɓi la'adarsa. To haka al'amarin yake a manyan kasuwannin littafi na duniya, musamman London da New York. A can, mafi yawan manyan kamfanonin buga littattafai ba sa karɓar rubutu daga hannun marubucin da ba su sani ba, sai ta hannun dillalin adabi. Ke nan marubucin da ya kwashe shekaru yana rubuta labarin da ya ginu kan tarihi, ba edita zai fara shawo kansa ba, dillali ne, kuma da wasiƙa mai shafi ɗaya tak.

Wane ne dillalin adabi?

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Gidan dillanci na A. P. Watt ya soma aiki a London tun wajen shekara ta 1875, na Curtis Brown kuma ya biyo baya a 1899. Aikin dillali shi ne ya zaɓi rubutun da yake ganin zai sayu, ya taimaka a gyara shi, ya kai shi ga editocin da ya san abin da suke nema, ya yi cinikin kuɗin kafin alƙalami, ya duba yarjejeniya layi-layi, sannan ya nemi masu sayen haƙƙin fassara da na fim a manyan bukukuwan baje kolin littattafai, kamar na Frankfurt da ake yi a watan Oktoba a Jamus.

La'adar da aka saba da ita ita ce kashi 15 cikin 100 na abin da marubuci ya samu a ƙasar da aka buga littafin, da kashi 20 cikin 100 a kan fassara. Misali, idan kamfani ya ba da kafin alƙalami na yuro 10.000, wato kimanin miliyon 6 da rabi na kuɗin sefa, rabon dillali yuro 1.500 ne, wajen jaka 984. Idan kuwa littafin bai sayu ba, dillali ba ya samun ko dala. Wannan shi ne sirrin duk halayensa. Mutumin da ke ci daga la'ada, tambaya ɗaya yake yi wa kowace wasiƙar da ta shigo masa: wa zan sayar wa da wannan, kuma da wace magana?

Abin da ake aikawa

Ƙa'ida ta farko ita ce littafin ya kammala. Ba a tallan ƙagaggen labari da babi uku da alkawarin sauran na nan tafe, balle ga sabon marubuci. Tsawon da dillalai suka fi so ga labarin tarihi yana tsakanin kalma dubu 90 zuwa dubu 120, in ya zarce haka sosai, kuɗin takarda da na fassara kan sa su ja da baya.

Abubuwa uku ake haɗawa. Na farko wasiƙar gabatarwa, wadda ba ta wuce kalma 300 ko kusa da haka. Na biyu taƙaitaccen bayanin labarin daga farko har ƙarshe a shafi ɗaya ko biyu, ba tare da ɓoye yadda ya ƙare ba. Na uku farkon littafin: a Ingila galibi babi uku na farko, a Amurka kuwa wasu shafi 10 kawai suke nema. Kowane gida yana da nasa sharuɗɗa, kuma wanda ya saɓa musu sau da yawa ba a ma buɗe saƙonsa. Amsa kan ɗauki makonni ko watanni, wasu gidajen ma suna faɗa tun farko cewa shiru shi ne amsarsu ta a'a.

A cikin wasiƙar akan faɗi sunan littafin, da yawan kalmominsa, da wuri da zamanin da labarin ya faru, da littattafai biyu na kwanan nan masu kama da shi waɗanda suka samu karɓuwa, da ɗan bayani kan marubucin. Amma zuciyar wasiƙar ita ce sakin layi ɗaya ko biyu da ke ba da labarin. A nan ne marubutan tarihi da dama ke tuntuɓe.

Tarihi daban, labari daban

Wanda ya yi shekaru yana tonon tsofaffin takardu da zama gaban dattawa, abin da ya fi ɗokin nunawa shi ne yawan saninsa. Sai ya cika wasiƙar da sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, kamar mushe a gaban ƴan lakwal. Dillali kuwa mutum guda yake nema: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya kasa.

Mu ɗauki misali da tarihin ƙasarmu. A ce marubuci ya rubuta littafi kan ayarin sojan Vule da Shanwan na shekara ta 1899. Zai iya cewa littafinsa yana bayanin ta'asar da aka yi a Birnin Ƙwanni, da yaƙin Lugu, da kisan Kanar Klob a Dankori kusa da Tasawa ran 14 ga watan Yuli. Duk gaskiya ne, amma wannan darasi ne. In kuwa ya ce labarin wani saurayi ne da aka kama aka ɗora wa kaya a ka, ya iya yaren Nasara har suka mai da shi tafinta, ga shi ayarin ya doshi garin da mahaifiyarsa take, dole ya zaɓa tsakanin ransa da gargaɗin mutanensa, to dillali ya samu abin da zai faɗa wa edita cikin minti ɗaya. Tarihin bai ɓace ba, ya dai shiga jikin mutum.

Abin da ya faru da Yaa Gyasi ya tabbatar da haka. An haife ta a Mampong ta ƙasar Gana a 1989, ta girma a Amurka. A 2009 ta ziyarci gidan bayi na Cape Coast, inda ta ga yadda Turawa ke zaune a bene da matansu ƴan ƙasa, bayi kuma na tsare a kurkukun ƙasa. Daga nan ta gina littafinta Homegoing: ƴan'uwa mata biyu, uwa ɗaya uba daban, ba su san juna ba, ɗaya ta auri gwamnan Turawan Ingila tana zaune a sama, ɗaya tana ɗaure a ƙarƙashinta tana jiran jirgin da zai kai ta Amurka, labarin ya bi zuriyarsu daga ƙarni na 18 har zamaninmu. Tarihin ɗaruruwan shekaru ya shiga cikin layi uku. Dillalinta Eric Simonoff ya sa kamfanoni suka yi takara a 2015, kamfanin Knopf ya yi nasara, jaridu kuma suka ruwaito cewa kafin alƙalamin ya kai dalar Amurka miliyon guda. Littafin ya fito a 2016.

Ƙi ba mutuwa ba ne

Ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba. Hilary Mantel ta Ingila ta soma rubuta littafinta na farko a 1974, kan juyin juya halin Faransa da jagororinsa uku, Danton da Robespierre da Desmoulins. Ta gama shi a 1979 tana zaune a Botswana, amma ta rasa mai bugawa. Ita da kanta ta sha bayyana cewa a wancan lokaci in an ce labarin tarihi, soyayyar ƴaƴan sarauta ake nufi. Sai ta ajiye shi, ta rubuta ƙaramin labari na zamani wanda ya fito a 1985. Babban littafin, A Place of Greater Safety, mai shafi fiye da 700, bai ga rana ba sai 1992. Daga baya, tana tare da dillalinta Bill Hamilton na gidan A. M. Heath, ta ci babbar kyautar Booker har sau biyu, a 2009 da 2012, duka da labarin tarihi kan zamanin Sarki Henry na 8. Ta rasu a 2022. Ashe lokaci ne bai yi ba, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse.

To ina batun Faransa?

Ga marubucin Nijar mai rubutu da Faransanci, Paris ce kasuwa mafi kusa, kuma tsarinta ya bambanta. A can an saba marubuci ya aika rubutunsa kai tsaye ga kamfani, kwamitin masu karatu ya duba. Rubuce-rubucen kan yi yawa har su fi ƙarfin masu dubawa: a watan Afrilu na 2021 kamfanin Gallimard ya roƙi jama'a su dakata da aiko masa. An daɗe ana yi wa dillalai kallon baƙi masu ɓata ciniki, amma abubuwa sun soma sakewa. A 2006 Gallimard ya buga Les Bienveillantes na Jonathan Littell, labarin yaƙin duniya na biyu mai kimanin shafi 900. Dillalin London, Andrew Nurnberg, shi ya yi cinikin, ya kuma riƙe haƙƙin fassara a hannun marubucin maimakon ya bar wa kamfanin. Littafin ya ci kyautar Goncourt a wannan shekara, sannan aka sayar da fassararsa ƙasa-ƙasa. A shekarar ce kuma Pierre Astier ya buɗe gidan dillancinsa a Paris, wanda ya yi suna wajen wakiltar marubutan Afirka.

Batun haƙƙin fassara ba ƙaramin abu ba ne. Littafin David Diop kan sojojin Senegal a yaƙin duniya na ɗaya, Frère d'âme, ya fito a 2018, amma fassararsa ta Ingilishi ce ta ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2021. Marubucin da ya sa hannu ya sallama dukan haƙƙoƙinsa tun ran farko ba tare da ya karanta ba, ya sayar da saniya da ɗan da ke cikinta.

Hajarmu tana da masu so

Tarihin wannan yanki ya riga ya nuna ƙarfinsa. Abdoulaye Mamani ya buga Sarraounia a kamfanin L'Harmattan na Paris a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mace guda da ta ƙi miƙa wuya, ita ta ɗauki nauyin labarin duka. A Hausa ma, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, labarin yaron da bauta ta raba da uwarsa, ya fito a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, aka yi fim ɗinsa a 1976. Ga kuma zamanin Sarki Tanimun a Damagaram, ga kisan Kazmaju a 1898, ga tawayen Kawsan a Agadas a 1916 da 1917, duk suna jiran masu alƙalami.

Sai dai mai rubutu da Hausa ya sani cewa dillali ba ya ɗaukar abin da ba ya iya karantawa. Dole a tanadi kyakkyawar fassarar aƙalla babi na farko da bayanin labarin, zuwa Faransanci ko Ingilishi, daga hannun wanda ya ƙware.

A yi hattara

Inda ake ciniki ba a rasa ƴan damfara. Dillali na gaskiya ba ya karɓar kuɗin karatu ko na rajista daga marubuci. Ƙungiyoyin dillalan adabi na Ingila da na Amurka sun hana membobinsu yin haka. Duk wanda ya aiko da saƙo ta intanet yana yabon littafin da bai karanta ba, sannan ya nemi a tura masa kuɗi, a guje shi. Kafin a rubuta wa dillali, a duba marubutan da yake wakilta da littattafan da ya sayar, a kira shi da sunansa, a faɗi dalilin zaɓensa. Kada a aika wa mutum 50 rana ɗaya. A fara da 8 ko 10, in duka sun yi shiru a sake duba wasiƙar da shafukan farko kafin a ci gaba.

Kuma ba dole sai da dillali ba. Ƙananan kamfanoni a Dakar, Abijan, Abuja da Paris suna karɓar rubutu kai tsaye, wasu marubutan ta nan suka fara kafin dillalai su neme su da kansu. Amma ko ta wace hanya aka bi, gwajin ɗaya ne: marubuci ya iya faɗin labarinsa cikin layi uku, har mai sauraron da bai taɓa jin sunan Lugu ba ya ce, "To, sai me ya faru?" Wanda bai kai nan ba, ya koma kan rubutunsa tukuna. Allah ya ba marubutanmu sa'a.